Cikin Fari a Gidan Yari

Da rana tsaka taurari suka fara sauko wa Zuwaira. Tana zaune a inuwar katangar ɓangaren mata tana tsince tsakuwa daga wake, sai ga wasu 'yan ƙyalli farare suna yawo a gaban idonta, suna faɗawa cikin faranti. Ta kai hannu, babu komai. Ba ta tsorata ba, har daɗi suka yi mata, domin duk sanda suka zo sukan ɗauke ta su kai ta Wamakko, fadamar shinkafar babanta, inda ruwa ke kwance lumui, balbelu na bin shanu, innarta na jibge itacen wankan jego a bayan ɗaki. Can ya kamata a ce take yanzu, don mai cikin fari gaban uwarta take komawa ta haihu. Abin da ke cikinta ya motsa, ta dafa shi a ɓoye, ta roƙe shi a zuci ya yi haƙuri ya jira su fita.

Mijinta Lawali, mahauci ne a unguwar Minanata, ya sayi saniya ashe ta sata ce. Da aka zo kama shi ya haura katanga, aka tafi da matarsa da aka tarar tana shanya kilishin. Shari'a kuwa tun daga nan sai ɗagawa ake yi.

Ranar da aka shigo da ita, Malam Ɗahiru mai kula da ɗakin shan magani ya tambaye ta ko tana da juna biyu. Namiji, sa'an babanta, ga mutane tsaitsaye. Ina 'yar da aka yi wa tarbiyya za ta buɗe baki ta ambaci cikin fari? Ko innarta ba ta gaya wa ba, ita ta gane da kanta. Zuwaira ta sunkuyar da kai. Malam kuwa layi ya yi masa tsawo, ya ɗauki shirun a matsayin a'a, ya kira mai bi mata. Sauran aikin ɓoyon, hijabi ya ƙarasa shi wata da watanni.

* * *

Iyatu ce ta gano, wata dattijuwa da ta daɗe a tsare har ta daina tambayar ranar kotu. Ta ga silifas ya ƙi shiga ƙafar yarinyar, fuska ta yi suntum.

"Ke ɗiyar ga, kumburin nan ba na lahiya ba na. Kanki na ciwo?"

"Lahiya lau, Inna."

"Aje kunyar ga. Nan ba gidanku na ba, babu mai gane miki in ba ki hwaɗi ba."

Iyatu ta ja ta har gaban Karimatu, ma'aikaciyar da ke gadinsu, aka wuce ɗakin magani. Malam Ɗahiru ya yi ta faɗa, wai don me ba ta faɗa ba tun farko, kamar da ta faɗa akwai abin da zai ba ta. Abin awon hawan jini ya lalace tun bara. Ungozoma kuwa gidan bai taɓa ganin ƙeyarta ba. Ya ƙirgo farasitamol ya zuba mata a tafi, ya ce za a kai ta asibiti in mota ta samu. Motar ɗaya ce: da safe ta kai maza kotu, da yamma babu mai. Karimatu ba muguwa ba ce, har zogale takan dafo mata daga gida, amma zogale ba ya tuƙa mota.

Taurarin suka ƙaru. Wani hantsi suka cika tsakar gidan gaba ɗaya, Zuwaira ta ga fadama ta shigo ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe, ruwa mai sanyi ya kai mata gwiwa, ya kai ƙirji. Ta ji innarta na kiranta daga nesa. Matan kuwa abin da suka gani shi ne yarinya a ƙasa tana jijjiga, kumfa a baki, Iyatu na tallafe da kanta tana salati. A Keke Napep aka fita da ita.

* * *

Ta farka a kan gadon asibiti, ƙafarta ɗaya ɗaure da ankwa a jikin ƙarfen gado. Ta shafa cikinta, ta ji ya sace. Karimatu na zaune a kujera, ta kasa haɗa ido da ita. A hankali ta gaya mata namiji ne, bai zo da rai ba, likita ya ce da an kawo ta da wuri da wata maganar ake. Ma'aikata sun riga sun yi masa sutura.

Zuwaira ta daɗe tana kallon fanka. Hawaye ya ƙi zuwa.

"Ina anka kai shi?"

"Wallahi ban tambaya ba," in ji Karimatu.

A gadon da ke kusa wani jariri ya tsala kuka, uwarsa na barci. Zuwaira ta ji ƙirjinta ya yi nauyi, nono ya tsattsafo. Ta sunkuya tana kallon gaban rigarta yana jiƙewa a hankali.