Jegon Guntuwa

Kakata, Iya Fanna, ta taso daga Nguru ta sauka gidanmu a Gashua da ƙatuwar tukunya da kanwa rabin buhu, wai ta zo yi wa Innata wankan jego. Sai dai ta yi sauri da yawa. Mako biyu tana zaune tana hararar cikin Inna, haihuwa shiru.

Wadda ta haihu ita ce Guntuwa, karyar da ke gadin garken shanunmu. 'Ya'ya biyar ta zuba a bayan rumbu. Kwana shida da haihuwa sai nononta ɗaya ya kumbura, ya yi ja, ya yi tauri kamar goruba. Duk ɗan kwikwiyon da ya matso sai ta yi masa gurnani ta tashi. Suka wuni suna kuka, cikinsu ya lafe.

Babana, Wakili, ya duba su ya ce, "In ba ta shayar da su ba zuwa jibi, ba za su kai ba."

Na ruga na buɗe littafin kimiyyarmu na aji shida. Akwai saniya, akwai kaza, har da kwaɗo, amma babu karya. Na fito ina hawaye.

"Ke mai littafi, wa ya mutu?" in ji Iya.

Na gaya mata. Ta leƙa bayan rumbu daga nesa, don ita ko inuwar kare ba ta yarda ta taɓa zanenta. Ta yi tsaki.

"Ba dole ba? Mace ta haihu biyar, ko ruwan zafi ba a ɗora mata ba. Wane irin gida ne wannan? Hura wuta."

Muka dafa ruwa da ganyen darbejiya. Iya ta zauna kan turmi, ta ɗaura tsumma a bakin muciya tana miƙo mini, ni kuwa ina gasa wurin a hankali, ina ba Guntuwa haƙuri. Sau huɗu a rana. Har kunun kanwa Iya ta dama mata, ta tura ƙwaryar da sanda.

Washegari Baba ya kawo Malam Yuguda, malamin dabbobi. Ya yi wa Guntuwa allura, ya ce gashin da ake mata da ruwan zafi ya yi daidai, amma a daina kunun.

"Kai sau nawa ka haihu?" in ji Iya.

Malam Yuguda ya rufe jakarsa ya yi mana sallama.

Rana ta uku kumburin ya saki. Guntuwa ta kwanta ta miƙe ƙafa, 'ya'yan nan biyar suka kama nono suna ture juna. Na ƙirga su har sau uku.

Da la'asar Baba ya yi fito ya kira Guntuwa su tafi garke. Iya ta tare ƙofa da muciyarta.

"Ina za ka da maijego? Ba ta fita sai ta yi arba'in."

"Iya, shanun fa? Wa zai yi gadinsu?"

"Kai ma kana da baki, Wakili. Je ka yi haushin."

Baba ya ɗauki sandarsa da tabarma ya fita shi kaɗai. Inna daga ɗaki ta yi ta dariya har ta dafe ƙugu, ta daina dariyar, ta ce a kira mata Iya, naƙuda ta taso. Ruwa dai yana kan wuta.