Arba'in ɗin Ɗan Hasmik

Da Malam Halliru ya rasu a farkon kullen korona, ba wanda ya zo wa matarsa Ɗelu zaman makoki. Doka ta hana. A hawa na goma sha biyu na wani bene a unguwar Danau Kota, can ƙasar waje, ta yi takaba, daga ita sai 'yanta mata biyu. Mutum ɗaya ce ke ƙwanƙwasa ƙofa kullum da hantsi, ta ajiye kwanon miya ta juya: Hasmik, maƙwabciyarta 'yar Armeniya, Kirista, mai koyar da kiɗa. Da guntun Malayanci, yaren ƙasar, suke magana, sauran kuma da hannu.

Ɗelu ba ta daɗe da fita takaba ba yaƙi ya ɓarke tsakanin Armeniya da Azarbaijan. Aka tura Narek, ɗan Hasmik tilo, bakin daga.

"Turkiyya na bayan Azarbaijan," in ji Hasmik. "Amma Rasha za ta zo mana. Akwai takardar yarjejeniya tsakaninmu."

Kullum da safe Ɗelu sai ta leƙa. "Sun zo?"

"Tukuna."

Ba su zo ba har jirgi marar matuƙi ya kashe Narek. Hanyar da Hasmik za ta koma gida kuma babu, saboda kulle.

Wata rana Ɗelu ta iske Hasmik tana ƙirga kwanaki a kalanda. "Jibi arba'in," Hasmik ta ce. "A wurinmu ana taruwa a ci abinci, a kira sunan mamaci. Ni wa zan tara?"

Ɗelu ta dafe ƙirji. "Ashe ku ma kuna arba'in?"

Ta koma ɗaki ta hau kiran matan Hausawan benen. Sakinatu ce ta yi mata gardama.

"Yaya Ɗelu, maigidana Abban Khaulah ya ce waɗanda suke yaƙi da su fa musulmi ne."

"Yaƙi na gayyace ki? Da na rasa Malam, miyar wa na sha wata huɗu? Taki?"

Sakinatu ta ce, "In maigadin benen ya kira 'yan sanda fa?"

"Ba ɗaki za mu shiga ba. Baranda. Kowa da tabarmarta da takunkuminta, taku biyu tsakani."

Ranar, tun bayan asuba Ɗelu ke kan tanda tana suyar waina. Da hantsi mata shida suka jeru daga bakin lif har ƙofar Hasmik. Sakinatu ce ta bakwai, ta zo da kunun gyaɗa, ba ta yarda sun haɗa ido da Ɗelu ba. Maigadi ya hawo, ya auna tazarar da ido, ya karɓi waina biyar a leda ya sauka.

Hasmik ta buɗe ƙofa, hoton Narek a hannunta. Ta tsaya tana kallonsu.

"Ya haƙuri?" Ɗelu ta ce, sannan ta raɗa mata amsar.

"Da godiya," in ji Hasmik.

Ta bi tabarmin ɗaya bayan ɗaya, tana nuna hoton tana faɗin sunansa, kowacce tana maimaitawa. Da ta gama ta tsaya gaban Ɗelu, ta ce da su duka, "Yanzu sai na mijinta."

Suka kira sunan Malam Halliru su takwas. Ɗelu ta yi kukan da ta riƙe wata takwas, sannan ta share fuska ta miƙe raba waina.