Turmin Aro

Duk layinsu a Sabon Garin Zariya, Doguwa ce kaɗai ba ta zagin taɓo. Da damina ta sauka, ƙofar gidajen nan uku da ke jere, nasu da na Ejiofor makanikin jirgin ƙasa da na Maman Remi mai sayar da atamfa, sai ta koma caɓi baƙi ƙirin mai haɗiye takalmi. Kowa ya fito sai ya ja tsaki. Ita kuwa ko a jikinta, har wani daɗi take ji a ɓoye, domin taɓon nan shi kaɗai ke taya ta magana. Duk ranar da mijinta Filibus ya dawo daga aiki a gonar gwamnati ta Samaru, keke a kafaɗa, wando ya yi dumu-dumu har gwiwa, abu ɗaya yake faɗa: "Garin nan ya ishe ni. Bana kam in an yi kaka, gida za mu."

Gida, wato Gidan Ɗanmaraya, ƙauyensu can bayan Giwa. Da farko cewa ya yi a bari 'yarsu Salome ta gama makaranta. Ta gama. Ya ce a bari ta yi aure. Ta yi, har ta haihu a Kaduna. Doguwa dai tana nan a kan kaka mai zuwa, kuma tana zaune a gidan nan zaman baƙuwa. Ta ƙi gadon ƙarfe, ta ƙi kabad, ko gwanda ba ta yarda ta dasa a tsakar gida ba. Abu mai nauyi guda ɗaya take da shi, turmin ƙirya na uwarta, baƙi, bakinsa ya yi sulɓi don tsufa. Ranar da za su taso ne tsohuwar ta mirgino shi har bakin hanya, ta ɗora taɓarya a kai, ta ce, "Ba kyauta ba ce, aro ne. Ki dawo mini da shi da kanki." Tun daga nan, duk lokacin da Doguwa ta je gida gaisuwar mutuwa ko suna, kafin ta sha ruwa sai tsohuwar ta dubi bayanta ta ce, "Ina turmina?" Su biyun sun san ba turmi ake tambaya ba.

Ejiofor ne ya kawo maganar siminti, bayan matarsa ta zame da tukunyar miya a hannu. Ya ce hukuma ba za ta waiwayi layin nan ba ko an shekara ana jira, su masu gida su haɗa kai su zuba hanyar tafiya da kansu, daga ƙofarsa har ƙofar Maman Remi. Filibus, wanda in an ce ya gyara ƙyauren bayan gida sai ya ce gobe, shi ya fara cewa to. Har da tashi ya auna faɗin da ƙafa.

Doguwa ta bari sai da baƙi suka watse.

"Baban Salome, siminti kuma? Mai shirin tashi yana zuba siminti?"

"Ke ba ki gane ba ne," in ji shi, yana goge sarkar keke bai ɗago ba. "Gida mai siminti a ƙofa ya fi saurin samun mai saye."

Ta dubi ƙeyarsa. Ba ta gamsu ba, amma maganar ta yi mata daɗin ji, sai ta riƙe ta hannu bibbiyu.

Da ruwa ya fara ɗaukewa aka tara kaya. Masu jakuna suka kawo yashi daga rafin Kubanni, aka jibge tsakuwa, aka kafa katako gefe da gefe. Ranar Asabar tun da sanyin safiya maza suka tuɓe riguna, wannan da shebur, wancan da kwanon sarki. Mata aka bar su da ɗebo ruwa a famfo. Doguwa ta yi sahu biyu ko uku, sannan ta tsaya da garwa a ka tana kallon yadda suke jan katako a kan kwaɓin, nan tudu, can kwari, Filibus yana ta haki kamar ya yi abin kirki. Abin ya ba ta haushi. A ƙauyensu gyaran ƙasa aikin mata ne. In za a yi daɓen ɗaki, ita ake fara kira, ita ke yayyafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ita ke ba da waƙa, mata su durƙusa a jere da madaɓai suna duka har ƙasa ta yi ƙyalli. Rabon da hannunta ya taɓa irin wannan aiki har ta manta.

"Ku matsa," ta ce. "Wannan ai ko akuya ba a yi wa irinsa."

Ta ɗaura zane, ta samo guntun katako mai faɗi, ta durƙusa. Tana bugawa a hankali tana ja da baya, ruwan siminti yana tasowa, tana shafe shi. Maza suka yi cirko-cirko. Maman Remi ta tafa hannu ta ce, "Kai, Maman Salome, ashe birkila ne muke zaune da shi ba mu sani ba!" Doguwa ba ta ma ji ba. Waƙa ce ta kuɓuce mata, irin ta daɓe, ba mai amsawa sai ƙarar katakon. Ta bi hanyar nan tun daga wannan kai har wancan, gwiwoyi sun yi fari fat, kuma rabon da ta ji daɗi irin na ranar nan tun tana amarya.

Da la'asar aka gama. Ejiofor, wanda kowa "ka" ne a bakinsa, mace ko namiji, ya ɗaga yatsa ya ce, "Madam, kar ka taka, kar yaro ya taka, sai ya bushe." Aka gitta katako a ƙofofi don wucewa, maza suka tafi wanka.

Doguwa ta tsaya tana duban aikinta, sai ta ga saura abu ɗaya. A gida ba a tashi daga daɓe sai an yi wa turmi gurbi. Tun ƙasa na da danshi ake dasa shi a inda zai riƙa zama, a murza shi ya nutse, a tattaro ƙasa a rufe masa gindi. In ta sha iska sai a girgiza shi a ɗaga, bakin ramin ya ɗan marmashe, a shafe da ruwa, shi ke nan turmi ya samu mazauni, ba ya yawo in ana daka. Wannan sulɓin da ta yi kuwa, in ba gurbi, turmi zai yi ta gudu ne. Ta ce a ranta kafin kaka dai ai za a yi daka, in sun tashi kuma matar wanda ya sayi gidan ta gode mata. Ta mirgino shi ta kan katako zuwa gefen ƙofa, inda inuwar kwano take sauka da hantsi. Ta murza shi, ya shige lumus. Ta tattaro siminti da tafin hannu ta rufe faffaɗan gindinsa, ta shafe tsaf. Da maza suka dawo shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna, Filibus ya gani ya yi dariya ya ce mata ba sa rabo da tsirfa, ya wuce. Shi ma ɗan ƙauyen nan ne, haka ya taso yana gani.

Kashegari Lahadi, ba a ɗaga ko tsinke. Suka tafi sujada suka dawo.

Ranar Litinin, bayan Filibus ya hau keke, ta yaye buhun ta kama bakin turmin ta girgiza. Ko motsi. Ta sa gwiwa ta tura. Ta rungume shi ta ja har wuyanta ya yi ƙara. Sai ta yi murmushi, ta ce bushewa ya yi da yawa, ta ɗebo ruwa ta kwarara a gindin, ta zauna jiran ya jiƙa. Ruwan ya kwanta a kai, ya gangare. Ta ƙara. Ta sa farce ta kankara, farcen ne ya karye. Ta kira Maman Remi, suka kama tare, suka ja har zanen Maman Remi ya kwance, ta zauna daɓas tana dariya. Da ta dubi fuskar Doguwa sai dariyar ta tsaya.

Wunin ranar nan Doguwa ba ta ɗora tukunya ba. Tana shiga ɗaki tana fitowa tana zuba ruwa. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka sa ta a mota aka rabo ta da gida.

Da yamma Ejiofor ya dawo daga aiki ya tarar da tafki a ƙofa. Ya kama kai. "Madam, wannan ba ƙasa ba ne. Ruwa yana ƙara masa ƙarfi ne!" Amma mutumin kirki ne, bai tsaya dogon surutu ba, ya shiga ya fito da guduma da wani ƙarfe mai kaifin baki. Filibus ya iso ana cikin haka, ya jingine keke ya tsaya. Ejiofor ya kafa ƙarfen a jikin gindin turmin ya buga. Siminti ya ɗan ɓantare kamar ƙwayar gero. Ya sake bugawa da ƙarfi. Sai aka ji ƙas, ba daga simintin ba. Wata siririyar tsaga ta taso daga gindin itacen ta haura kamar tsawon ɗan yatsa.

"Bari!" Doguwa ta yi ihu, ta riƙe masa hannu. "Bari, don Allah, bari."

Ejiofor ya ce akwai zarto, a yanke shi daidai da ƙasa. Ta girgiza kai. Turmi ba gindi, a kai wa wa? Ya tattara kayansa ya shige, Maman Remi ma ta ja ƙafa.

"To ki bar shi mana," in ji Filibus a gajiye. "Ai ya zauna daidai. Ina za ki kai shi?"

Bakinsa ya riga hankalinsa. Ya so ya gyara, ta riga shi.

"Ina zan kai shi? Ni kake tambaya ina zan kai shi, Baban Salome?"

Ya zauna a kan katakon ƙofa, ya cire hula ya riƙe. Da ya yi magana, muryar ba ta mai faɗa ba ce.

"Ba ni da gona a can, Doguwa. Tun shekarar da na ƙi yanka akuyar tsafi a gindin tsamiya, 'yan'uwana suka raba ta babanmu, ba su ajiye mini ko kunyar noma ɗaya ba. In koma in yi me? In yi wa ƙanena ƙodago?"

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Salome tana goye."

Ta so ta yi kuka, ta so ta zage shi, ba wanda ya fito. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta ga shi ma ba inda za shi. Da mugunta ce ya yi mata, da ta san yadda za ta yi da shi. Ga shi nan zaune, furfura ta cinye masa kai, kullum Samaru, kullum Sabon Gari, yana faɗin kaka don kada ta karaya, ko don kada shi ya karaya. Ta shige ɗaki ta bar shi nan.

Kaka ta zo. Hanyar ta yi kyau, ba ƙarya, har mutanen wasu layuka suna zuwa gani. Doguwa tana daka a ƙofar gida a idon kowa, tana kaffa-kaffa da tsagar, ƙarar tana bin siminti har cikin ɗakin Ejiofor.

Wata ranar kasuwa ƙanenta Jatau ya kawo auduga Zariya, ya biyo da ɗan ƙunshin daddawa. Bayan ya sha fura ya fito ya ga turmin, ya gane shi nan take. Ya dafa, ya tura, ya sunkuya ya duba gindin, ya miƙe a hankali.

"Yaya, Inna fa ba ta fita yanzu. Ido ya tafi. Ta sa an share ɗakin da ke kusa da nata, ta hana a zuba dawa a ciki, wai na masu dawowa ne. Ta ce in duba mata ko kin fara ɗaure kaya." Ya sake duban turmin. "Me zan ce mata?"

Doguwa ta buɗe baki za ta ce kaka mai zuwa. Maganar tana nan a kan harshenta, ta sha jin ta har ta haddace. Ta haɗiye ta. Ta shiga ciki ta fito da taɓaryar, wadda tsakiyarta ta rame saboda hannun uwarta da nata, ta goge ta da gefen zane ta miƙa masa.

"Ka sa mata wannan a hannu, za ta gane ta. Ka ce zan zo in gan ta kafin Kirsimeti, in kwana biyu. Ɗakin kuma a zuba dawa."

Jatau ya karɓa. Ya saɓa taɓaryar a kafaɗa ya nufi tasha, tana kallonsa har ya sha kwana. A nan ne kukan ya zo mata, ta yi shi a tsaye, hannu ɗaya a bakin turmin.

Rana ta yi sanyi, ga dawa a ƙwarya ba a surfa ba, Filibus kuma yana hanya. Ta share fuska, ta gyara ɗaurin kallabi, ta bi ta kan simintin da ta shafe da hannunta har ƙofar Maman Remi, ƙafarta tas ba ko ɗigon taɓo. Ta yi sallama ta ce a ara mata taɓarya.