Hawayen Kwalba

A Hollywood ni ke yi wa 'yan fim kwalliya, har da ɗiga musu hawayen ƙarya daga kwalba. Ranar da jaruma Verna ta fito a matar da ake tuhuma da kashe mijinta maci amana, sai ta ture hannuna. Da safiyar ranar ta kama nata mijin na gaske da wata.

Lauyan fim ya tambaye ta, "Kin so shi?" Ta fashe da kukan gaske.

"Dakata!" darakta ya daka tsawa, ya juyo wajena. "Wannan ba ya ƙyalli a kyamara. Opal, goge mata, ki sa namu."

Na goge ina tsine masa a raina. Na kwalbar aka nuna a sinima, kuma shi ya sa duk garin kuka.