Layin Dogon Shagon Namadi

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Bagudo ba, amma akwai layin dogo a garin, kuma a cikin shagon Namadi yake, bayan rumfunan masu albasa. Ya taso daga bakin ƙofa, ya bi gindin bango, ya haura wata 'yar gada ta katako, ya kutsa ƙarƙashin benci, sannan ya zagayo inda ya faro. Da wayoyin ƙafar keke aka shimfiɗa shi a kan gutsattsarin kara.

Namadi jinin maƙera ne. Fitilun gwangwani yake yi tun yana saurayi, har tocila mai arha ta zo ta kashe kasuwarsu. Wata rana abokinsa Bunyaminu, wanda ya yi dako a tashar jirgi ta Ƙauran Namoda da ƙuruciyarsa, ya zana masa jirgin ƙasa a kan rairayi da tsinke. Namadi ya daɗe yana kallon zanen, ya tashi ya ɗauko almakashi. Abin da ya fito daga hannunsa ya fi kama da jerin tukwane, amma yana tafiya.

Daga nan cutar ƙera jirgi ta kama dattawan gari. Ba sa sayen jirgi ƙerarre, wannan abin kunya ne a wurinsu. Kowa a gidansa yake haɗa nasa. Abin da suke saya wurin Namadi shi ne yankakken gwangwani, da dalma, da marafan kwalba da ya huda a tsakiya don yin ƙafafu, da ƙananan injinan da yake zaƙulowa daga cikin matattun rediyoyin kaset. Ranar kasuwa kowa ya rungumo nasa a ɗora a kan dogo, a sa batir, a yi ta gardama. Doka ɗaya ce a shagon: faɗin dogo kwalin ashana ne a kwance. Wanda ya auna tsakanin ƙafafun jirginsa da kwalin ashana, jirginsa zai hau.

To, duniya ba ta zama wuri ɗaya. Madara ta koma leda, tumatir ya bi ta, gwangwani ya zama abin farauta. Jiragen roba masu kuka da walƙiya suka cika kasuwa. Dattawan kuma suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya: wani ya riga mu gidan gaskiya, wani ido ya ƙi, wani ɗansa ya ɗauke shi zuwa Birnin Kebbi. Jiragensu na nan jere a kan kanta, Namadi yana share musu ƙura. Aka bar Bunyaminu shi kaɗai, shi kuwa bai ƙara sayen ko ƙusa ba. Zuwa yake yi ya zauna a benci, in jirgi ya zo gada ya yi masa kuka da baki.

Asama'u, babbar 'yar Namadi, zoɓo da ƙanƙara take sayarwa. Ta samu firiza mai aiki da hasken rana, ta rasa inda za ta kafa ta a kasuwa. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta dubi bangon shagon kamar mai zaɓen zane.

"Baba, mutum nawa sunka shigo yau?"

"Baffanki Bunyaminu ya zo."

"Baffa Bunyaminu ai kayan shago ne, kamar benci."

"Ina jin ki, ɗiyar nan," in ji Bunyaminu, bai ko buɗe ido ba.

Namadi ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa. Shi da bakinsa ya yanke: in aka gama yankan shinkafa a fadamar Ka'oje ba a samu sabon mutum da ya sayi kaya ya ɗora jirgi a kan dogon nan ba, ta kawo firizarta, shi zai naɗe wayoyinsa. Ta ce ta ji, Bunyaminu ne shaida.

Farautar gwangwani ce ta kai shi kasuwar Tsamiya, can bakin iyaka, domin mutanen Benin har yanzu suna cin kifin gwangwani da burodi, su yar da abin da ya fi kifin daraja. Yana tsugune bayan teburin mai shayi yana tsince, wani tarago da yake yawo da shi a aljihu ya faɗo. Wani dogon tsoho mai malafa ya riga shi ɗauka. Mamuda sunansa, Bafillace ne daga wani ƙauye a tsallaken iyaka. 'Ya'yansa sun karɓe masa kiwo, sun bar shi da zama, zaman kuwa ya ishe shi.

"Wanga aikin maƙeri ne," in ji Mamuda yana jujjuya taragon. "Ashe bawana ne ke tsintar shara."

Tsakanin Fulani da maƙera akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka Namadi bai ɓata lokaci ba.

"Ajiye, Bahillace, ba a tatsar shi."

Kafin shayinsu ya huce Mamuda ya ji labarin dogo da gada da jiragen da ke kan kanta. Ya ce yana da abokan zama biyu da su ma ba su da aiki sai korar ƙuda. Namadi ya zazzage masa marafan kwalba da inji ɗaya, kyauta, ya gaya masa dokar shago: kwalin ashana, a kwance.

Da Asama'u ta ji, cewa ta yi kyauta ba ciniki ba ce, kuma Bafillacen da ya karɓi abu a kasuwa sai a lahira.

Shinkafa ta nuna, aka shiga yanka. Kullum Namadi ya ga amalanke ta wuce da buhuna sai ya ji kamar daga shagonsa ake kwashe su. Ranar wata kasuwa da hantsi, lokacin saura 'yan gonakin da ke bakin ruwa, Asama'u ta shigo da igiya za ta auna bango. Tana cikin aunawa ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofa, Mamuda ya sauko da kwando a rungume, an rufe shi da zane kamar ƙwaryar nono.

Da ya yaye zanen, har Bunyaminu sai da ya miƙe. Kan jirgi ne na gwangwanin kifi, an goge shi yana ƙyalli, da taragu uku a bayansa. A goshinsa Mamuda ya kafa ƙahoni biyu na waya, farare, masu lanƙwasa.

"Jirgi ba ya da ƙaho," in ji Bunyaminu. "Ni na gani da idona."

"Naku na Ƙaura ne ba ya da. Da mi zai kori awaki daga hanya?"

Namadi ya karɓa da hannu biyu, ya saci kallon Asama'u, ya durƙusa ya ɗora shi a kan dogo. Jirgin ya zurma tsakanin wayoyin ya zauna a kan kara. Ya ɗaga ya sake ɗorawa. In ƙafafun dama suka hau, na hagu sai su rataye a iska.

"Ba ka auna ba, Bahillace."

"Na auna har sau ba adadi. Dogonka ne ya buɗe don tsufa, kamar bakin mai shi."

Namadi ya ciro kwalin ashanarsa ya sa tsakanin wayoyin, ya zauna daram. Mamuda ya laluba aljihu ya ciro nasa, ya sa tsakanin ƙafafun jirginsa, shi ma daram. Sai suka haɗa kwalayen biyu baki da baki. Ashanar da ake sayarwa a ƙauyen su Mamuda ta fi ta Bagudo ƙanƙanta da kamar ƙwayar shinkafa biyu. Duk shekarun nan babu wanda ya taɓa tunanin ashana ma tana da ƙasa.

Bunyaminu ya yi dariya har da tari. Namadi bai yi ba. Ya ce gyara mai sauƙi ne, a zare ƙafafun a sa waya mai tsawo. Mamuda ya ce ba mai taɓa masa jirgi, kuma abokansa biyu sun riga sun ƙera nasu da awo ɗaya, jira suke ya koma da labari. In ana son su, a matse dogo. Namadi ya ɗaga kai ya dubi kanta. In ya matse dogo, jirgin dattijon da ya rasu da na sauran da ke kan kanta ba za su ƙara taka ƙasa ba, har da na Bunyaminu da ke zaune a gabansa.

"Ba ni iyawa," ya ce a hankali.

"To, mun sha hanya a banza," in ji Mamuda, ya fara mayar da taragu cikin kwando.

Asama'u ta koma ga awonta. Ta ja igiyarta zuwa kusurwa ta ƙulla alama. Namadi yana kallon ƙullin, yana kallon malafar Mamuda da ƙurar hanya ta yi wa ja, sai ya ji bakinsa ya tambaya:

"Wai da mi ka zo?"

"Da mi zan zo? Motar garinmu ta kawo ni iyaka, na sauka na hau babur."

"Motar taku ba ta ƙaraso ba?"

"Ina ta taɓa ƙarasowa? Nan take juyawa. Kowa ya sauke kayansa ya ɗora wa na wannan gefe."

Namadi ya zauna a ƙasa sosai. Ya share wani fili tsakanin ƙofa da gada da tafin hannu, ya ja layi da yatsa.

"Nan ne iyaka. Daga nan zuwa waccan kusurwa ƙasarku ce, ku shimfiɗa dogonku da ashanarku. Jirginka ya zo nan ya tsaya, nawa ya zo nan ya tsaya, a sauke kaya a ɗora."

Mamuda ya tsaya da tarago a hannu. Ya dubi layin, ya dubi kusurwar.

"Ƙasarmu ta fi haka girma."

"Benci ya ci sauran."

"A ja benci."

Aka ja benci da Bunyaminu a kai. Mamuda ya ce a ba shi waya da kara. Namadi ya ce kyauta ta ƙare a Tsamiya. Suka yi ciniki mai zafi, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa, har Mamuda ya kwance bakin zaninsa ya biya, ya ƙara da dalma da marafai na abokansa. Kafin azahar an shimfiɗa abin da bai fi kamu uku ba na siririn dogo. Bunyaminu ya yage bakin tsohon ƙyalle ya ɗaure tsabar shinkafa ƙulli-ƙulli, ya ce sauke kaya aikinsa ne, kada wanda ya sa masa hannu. Jirgi mai ƙaho ya taho yana rawa ya tsaya a layi. Na Namadi ya sauko daga gada ya tsaya a gabansa. Masu albasa suka bar rumfunansu suka toshe ƙofa.

Asama'u ta daɗe a tsaye da igiya a hannu. Can ta matso ta leƙa ta kan kafaɗar mahaifinta.

"Baba, wa ya taɓa ganin shinkafa ta ƙetare iyaka da rana tsaka, ta gaban kowa? Ta bayan gari take bi, a kan babur."

Shagon ya ɗauki dariya. Mamuda ya ce yarinyar nan ta fi ubanta hankali, a ƙera masa babura biyu kafin kasuwa mai zuwa, kuma a bar musu hanya ta ƙarƙashin benci.

Ta kwance ƙullin da ta yi, ta naɗe igiyar a hannu.

"Ya saya, ya ɗora, na gani. Firiza ta zauna a zauren gida. Amma duk ranar kasuwa zan aiko da zoɓo nan ƙofa, kuma kowa da kuɗinsa, har Baffa."

"Ni ma'aikacin tasha ne," in ji Bunyaminu.

"Har ma'aikacin tasha."

Ta sa takalmanta ta fita. Namadi ya so ya yi mata godiya, amma Mamuda ya riga ya kama hannun rigarsa, yana tambaya a wane gefen layi za a kafa rumfar tashar, don shi ba zai yarda fasinjojinsa su tsaya a rana ba.