Akwatin Ƙorafi Mai Makulli Biyu

Ranar Litinin Manaja ya kira ni ofis, bai ko ce in zauna ba.

"Mai Akwati, jibi matar banki za ta zo. In ta sa hannu, kuɗin gina reshe na biyu ya fito. In ba ta sa ba, ni da kai duk mu nemi wata sana'a. Ina makullinka?"

Kamfaninmu iskar gas yake juyawa ta koma ƙwayoyin roba. Wani babban bankin raya ƙasashe ne ya ba da kuɗin gina shi, kamar yadda yake ba irinsa a ƙasashe da dama, bisa sharuɗɗa cike da littafi guda. A cikinsu har da kafa akwatin ƙorafi a unguwar da ke bayan katanga, mai kwaɗo biyu: makulli ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun banki. Mai kuka zai zo teburina, in yago masa fom, guntun ya saura a jikin littafin da lamba da kwanan wata, ya rubuta abin da ke cinsa ya jefa. Duk wata shida banki ya aiko a buɗe.

Abin da banki bai sani ba, mai yanka makulli ya yanka wa Manaja irin nasu tun ranar da aka kafa akwatin. Nawa kawai yake buƙata. Sau uku ina murza masa.

Da rana tsaka muka yi na huɗu, lokacin da kowa ya shige inuwa. Ya kwashe takardun a baƙar leda, ya miƙo min sabon littafin fom mai farawa daga lamba ɗaya.

"Wancan mutumin da suke aikowa ko gilashin mota ba ya saukewa. Wannan kuwa an ce har ƙarƙashin gado take leƙawa. Kawo tsohon littafin."

"Yana ɗaki, Yallaɓai."

"Ƙona shi yau."

Ban ƙona ba. Na zauna bakin katifa a ɗakin da kamfani ya ba ni, ɗaki mai fanka da famfo da kofi ɗaya, ina juya guntayen. Ɗari biyu da sha uku. Ma'aikata ba sa zama teburin da na zauna a kantin cin abinci, wai ni kunnen unguwa ne. 'Yan unguwa kuma, inda aka haife ni, in na yi sallama a majalisa sai hira ta mutu. Aikin nan da ɗakin nan su kaɗai suka rage min.

Washegari da yamma na je gidan Yaya, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Na tarar tana shafa wa 'yarta magani a hannu, inda ƙuraje suka yi ja.

"A'a, kamfani ne da kansa! Ku kawo kujera, kar wandonsa ya yi datti."

"Yaya, gaisuwa na zo."

"Mun gode. Takarduna fa? Uku na jefa a kan rijiyar nan da ke tashi da maiƙo. Ko akwatin naku ƙasansa a ɓule yake?"

Mijinta ya fito daga ɗaki yana gyara hula, ya ja ni gefe.

"Rabu da yayarka, ƙanina. An ce lebura ɗari uku za a ɗauka in an fara sabon gini. Wata tara ina zaune. Ka sa sunana a sama, ka ji?"

Na fito ba wanda ya raka ni ƙofa.

Laraba ƙarfe goma motoci uku suka tsaya gaban akwatin. Matar banki gajeruwa ce, da takalmin roba da tabarau a rataye a wuya. Ta murza makullinta, na murza nawa. Ba kowa ciki sai ƙwaro guda, ya fito a guje.

Manaja ya tafa hannu. "Kin gani, ranki ya daɗe? Shi kaɗai ne mai ƙorafi, shi ma ya janye ƙara!"

Jama'arsa suka kwashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta dubi bututun hayaƙinmu, wanda aka kashe tun Lahadi da sunan gyara, ta dubi matan da suka tsaya nesa da bokitai, sannan ta juyo gare ni.

"Ƙa'idarmu ce in gwada da kaina. Ɗauka ni 'yar unguwa ce, na zo da kuka. Ba ni fom."

Na zuge jaka. Littattafan biyu suna kwance gefe da gefe, sabon yana ƙyalli, tsohon ya naɗe baki. Manaja yana bayana, ina jin ƙamshin turarensa. Na tuna fanka da famfo. Hannuna ya taɓa sabon, ya wuce.

Na yago daga tsohon na miƙa mata.

Ta ɗora tabarau a hanci. "Ɗari biyu da sha huɗu." Ta maimaita a hankali. "Rahotanni uku na karanta a jirgi, kowanne ya ce ba a taɓa samun ƙorafi ba. Mu ga littafin."

"Kuskuren maɗaba'a ne," in ji Manaja, muryarsa ta siranta. "Kin san aikin mutanenmu."

"Maɗaba'ar ce ta rubuta kwanan wata da biro?" Ta yi ta juya guntayen da babban yatsa, tana ɗaukar hotonsu da waya. Can ta ɗago. "Malam, makullinka ya taɓa barin hannunka?"

Nan ma da hanyar fita. In ce ya taɓa ɓata, in ce an ara.

"Bai taɓa ba, ranki ya daɗe. Ni nake buɗewa. Sau huɗu ke nan."

Ta rufe littafin ta sa a jakarta. Da za ta shiga mota ta yafito ni, ta rage murya. "Ba zan sa hannu ba. Za a turo masu gwajin ruwa cikin wata guda. Amma sunanka dole ya shiga rahoto tare da na Manaja, ba ni da yadda zan yi."

"Na sani."

Kafin ƙarfe biyu takardar sallama ta iso, mai gadi ya tsaya a kaina har na gama haɗa kaya. Jaka ɗaya da katifa a naɗe. Ya karɓi makullin ɗaki yana kallon gefe.

Labari ya riga ni shiga unguwa. Samarin da suka yi wata biyu suna rubuta suna don aikin lebura suna zaune bakin titi, wani ya ja tsaki, wani ya ce, "Ga wanda ya zubar mana da abinci." Matan bokiti kuwa ɗaya rabin labarin suka riƙe, cewa da hannuna ake kwashe takardunsu.

Mijin Yaya na tarar a ƙofa, ya tokare ta da hannu. "Ba a gidana ba. Wallahi ba a gidana ba."

Yaya ta leƙo ta ƙarƙashin hannunsa, ta dubi katifar da ke kaina.

"Da gaske za su zo su duba rijiyar?"

"Haka matar ta ce."

"Nawa ukun, kana tsaye aka zuba su a leda?"

"Ina tsaye, Yaya."

Idonta ya ciko. Sai ta goge da bakin zane.

"Je ka tukuna. Ka kira ni in ka sauka, in san inda kake."

Na gyara katifar a kaina na nufi tasha. Ɗan kamasho ya ce sai na biya wa katifar kujera guda, na biya, muka zauna ni da ita a baya muna jiran mota ta cika.