Tafintar Iskoki

Hayaƙin turaren ya shiga idon Yaya, ta ja da baya tana tari, ba wanda ya ko waiwaye ta. Idon kowa yana kan ƙanwarta Auta, wadda ke juyi a ƙofar asibitin, ta lulluɓa da farin zanen gado, tana kiran iskoki da wata murya da ba tata ba.

Wata bakwai ke nan da aka sallami mata arba'in daga ɗakin wankin asibitin, kuma Yaya ce shugabarsu. Ita ta rubuta wasiƙu, ita ta kashe takalmi biyu wajen hawa benen ofishin Darakta, ko kujera ba a taɓa ba ta ba. Da aka hana su ɗaga kwalayen zanga-zanga, sai Auta ta ce ai ba a hana turare ba. Yau ga 'yan jarida kamar ƙudaje, har wani ya ce wa Yaya ta matsa, tana tare masa hoto. Kishi ya turnuƙe ta. Auta fa, wadda ko guga ba ta iya ba!

Masinja ya sauko daga benen da saƙo. "Darakta ya ce mai turaren ta hau."

Auta ta zube a jikin Yaya kamar ta suma, ta raɗa mata, "Wallahi Yaya ban san me zan ce masa ba."

Wani mugun daɗi ya ratsa Yaya. Ai sai ta ƙyale ta ta hau ita kaɗai, ta yi ta inda-inda, kowa ya ga iyakar hayaƙin. Amma ga matan nan zaune cikin rana, sun zuba musu ido.

"Tashi," in ji Yaya. "Ki yi ta gurnaninki, kada ki kuskura ki yi maganar mutane."

A ofis Yaya ta ce iskoki ba sa magana sai da tafinta. Auta tana gurnani, ita tana jero buƙatun matan ɗaya bayan ɗaya. Darakta yana rubutawa, bai dubi Yaya ba ko sau ɗaya.

"Ki gaya wa iskokin Litinin kowa ta dawo aiki," in ji shi. "Maganarsu akwai hankali. Da tun farko an samu mai yi mini bayani haka, ai da ba a kai nan ba."

Yaya ta juya wajen ƙanwarta. Ta sunkuya a kunnen Auta kamar mai isar da saƙo, ta ce, "Rage juyin nan, kina taka mini ƙafa."